Jitar fam 889,400 da faifan da ya fi ta daraja: fashin baƙi kan Rory Gallagher da Irish Tour '74

A watan Oktoban 2024 kamfanin Bonhams da ke Landan ya yi gwanjon wata tsohuwar jita ta marigayi Rory Gallagher, makaɗi ɗan ƙasar Ailan. Fentin jikinta duk ya kankare, katakon ya fito fili kamar na tsohon turmi, amma da aka buga guduma kuɗinta ya tsaya a fam 700,000, in aka haɗa da la'adar masu gwanjo ya kama fam 889,400. Wani kamfanin shirya wasanni ne ya saye ta, ya ba gidan tarihin ƙasar Ailan kyauta don ta zauna a ƙasar. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2025, aka buɗe mutum-mutumin mai jitar a ƙofar zauren Ulster Hall da ke Belfast.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke ta yawo a bakin waɗanda suka ci karo da labarin: wane ne wannan Rory Gallagher? In har ya kai a sayi kayan aikinsa da irin wannan kuɗi, me ya sa ba a jin sunansa a jere da manyan makaɗan jita irin su Jimi Hendrix da Eric Clapton da Jimmy Page? Masoyansa suna da amsa a shirye, cewa duniya ta danne masa haƙƙi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba. Wanda yake son cikakkiyar amsa sai ya bar kallon jitar ya koma ga faifan da aka naɗa a gaban jama'a shekaru 50 kafin gwanjon, wato Irish Tour '74. A can mutumin yake, kuma a can ake gane abin da ya ɗaukaka shi da abin da ya hana shi yin irin sunan takwarorinsa, domin abu ɗaya ne ya yi aikin biyu.

Wane ne mutumin?

An haife shi ranar 2 ga Maris 1948 a Ballyshannon, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin Ailan, amma a birnin Cork ya girma. A 1963, yana da shekara 15, ya shiga kantin kayan kiɗa na Crowley a Cork ya ɗauki wannan jita, Fender Stratocaster ƙirar 1961, ta hannu, a kan fam 100 da zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. An taɓa sace ta a Dublin a shekarun 1960, sai da aka yi cigiya a wani shirin talabijin na 'yan sanda kafin a tsince ta a yashe. Sauran lalacewar da ake gani a jikinta gumi ne da gogar hannu na dare dubbai.

Ya fara da ƙungiyoyin kiɗan rawa da suke zagaya garuruwa suna kwaikwayon waƙoƙin da ake yayi, aikin da ya koya masa tsayuwar sa'o'i a kan dandamali ko da zuciyarsa ba ta wurin. Daga nan ya kafa ƙungiyar mutum uku mai suna Taste a 1966. Su ne cikin waɗanda suka share fage a wasan bankwana na Cream, ƙungiyar su Clapton, a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1968, suka kuma yi wasa a babban taron tsibirin Wight a 1970. A ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar ta watse, ya ci gaba da sunansa. A 1972 masu karanta jaridar kiɗa ta Melody Maker suka zaɓe shi gwarzon makaɗan jita, a gaban Clapton. A lura da wannan, domin zai dawo idan aka zo maganar ko an raina shi.

Kalmomin da sai an warware su

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Gininsa mai sauƙi ne: mawaƙi ya faɗi ɗango, ya maimaita shi, sannan ya rufe da na uku mai warware zancen. Tsakanin kowane ɗango akwai gurbi, kuma a wannan gurbin jita take amsawa. Wanda ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa ba zai sha wahalar gane tsarin ba, bambancin kawai shi ne a nan mutum ɗaya ne yake bayarwa da baki yana amshi da yatsu. Rok kuwa, irin na shekarun 1960 da 1970 da yanzu ake kira na gargajiya, buluz ɗin ne matasan Birtaniya da Amurka suka ɗauka suka ƙara masa sauri da ƙarar lantarki da nauyin ganga.

Ita jitar lantarki kusan ba ta da murya in ba a jona ta ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta girgiza, maganaɗisun ya mayar da girgizar ta zama ɗan lantarki, waya ta kai shi akwatin amsa-kuwwa, shi kuma ya ƙara masa ƙarfi ya fitar. Akwatunan wancan zamani in aka matsa musu fiye da ƙima sai muryar ta fara tsagewa, kuma wannan tsagewar ce makaɗan rok suke nema. Gwanintar tana wurin sarrafa ta: ka taɓa a hankali ta fito garau, ka danna ta yi gurnani, duk ba tare da ka je kusa da akwatin ba.

Sai faifan dandamali. A situdiyo ana naɗar kowane kayan kiɗa daban, in an yi kuskure a sake, a yanke nan a liƙa can har a sami abin da ake so. Faifan dandamali kuwa wasa ne da aka naɗa a gaban masu kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma a nan ma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: faifan dandamali da yawa na shekarun 1970 an koma da su situdiyo an yi musu kwaskwarima. An san an gyara Alive! na ƙungiyar Kiss, kuma har yau ana gardama kan yawan abin da aka sake a Live and Dangerous na Thin Lizzy, waɗanda su ma 'yan Ailan ne. Kunne kaɗai ya isa ya gaya maka Irish Tour '74 ba daga wannan gidan ya fito ba. Ana jin gyaran tsirkiya, ana jin inda murya ta gaji, ana jin inda ganga ta yi gaba aka bi ta a guje.

Belfast a wancan lokaci

Ba za a fahimci nauyin faifan ba sai an san inda aka naɗe shi. An raba tsibirin Ailan a 1921: kudu ta kama hanyar zama ƙasa mai cin gashin kanta, gundumomi shida na arewa suka ci gaba da zama cikin Birtaniya. A arewar akwai masu son a ci gaba da zama da Birtaniya, galibinsu Furotesta, da masu son a haɗe da kudu, galibinsu Katolika. Daga ƙarshen shekarun 1960 rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai na ɓangarorin biyu da sojojin Birtaniya, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 1998, bayan mutum wajen 3,500 sun rasa rayukansu. Shekarar 1972 ce mafi muni, an kashe kusan mutum 500. A ranar 30 ga Janairunta sojoji suka harbe mutum 13 a zanga-zanga a Derry, a ranar 21 ga Yuli kuma bama-baman IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu son haɗewa da kudu, suka kashe mutum 9 a Belfast cikin yini ɗaya.

Manyan makaɗa suka daina zuwa. Led Zeppelin, ƙungiyar su Jimmy Page, sun yi wasa a Ulster Hall a watan Maris na 1971, amma bayan nan birnin ya zama wurin da ake tsallakewa a jadawalin zagaye. Tsakiyar gari takan mutu da magariba, akwai shingayen bincike, matasa ba su da wurin zuwa sai unguwarsu, cikin mutanen ɗariƙarsu.

Gallagher bai daina zuwa ba. Kusan kowace shekara wajen Kirsimeti da sabuwar shekara sai ya zagaya gida, kuma Belfast tana cikin jerin. Yana da dalili: a birnin ne Taste ta sami gindin zama tun tana ƙarama, tana wasa a otal ɗin Maritime, kuma biyu daga cikin abokan kiɗansa, Gerry McAvoy da Lou Martin, haifaffun Belfast ne. Bai taɓa hawa dandamali ya yi wa'azin siyasa ba, bai rera waƙar sulhu ba. Zuwa kawai yake yi, ya yi wasa na sa'o'i, yaran Katolika da na Furotesta suna zaure ɗaya suna gumi tare. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da abin da ya faru ranar 31 ga Yulin 1975, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar Miami Showband a kan hanyarsu ta komawa Dublin suka kashe uku daga cikinsu. Zama makaɗi bai kare kowa ba a wancan lokaci.

Ni dai ina ganin wannan shi ne abin da ya fi kowane yabo da aka yi masa. Ƙwarewar yatsa ana samunta a wurare da yawa. Mutumin da zai dawo garin da kowa ya guje wa, shekara bayan shekara, ba tare da ya mayar da zuwan nasa abin talla ba, ba kullum ake samun irinsa ba.

Abin da ke cikin faifan

An yi wasannin zagayen a zaure uku: Ulster Hall a Belfast, sinimar Carlton a Dublin, da zauren birni na Cork, a ƙarshen 1973 da kwanakin farko na Janairun 1974. Mutum huɗu ne a dandamali: shi da jita da waƙa, McAvoy da jita mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, Rod de'Ath da ganguna, Lou Martin da fiyano. An yi amfani da situdiyon tafi-da-gidanka na Ronnie Lane, wata tirela da aka cika da na'urorin naɗa, a ajiye ta a waje a ja wayoyi zuwa makirufo. Tony Palmer kuma yana ɗaukar fim. Faifan ya fito a 1974, garmaho biyu cikin kwali ɗaya.

Cradle Rock ce ta buɗe. Ba gaisuwa mai tsawo, mai gabatarwa ya kira sunansa, jama'a suka ɗauki ihu, ya ɗan gwada tsirkiya, sai kiɗa ya faɗo. A tsakiyarta yake saka ɗan bututu a yatsa yana goga shi a kan tsirkiya maimakon dannawa. Wannan dabara tana sa sauti ya zame daga wani mataki zuwa wani ba yankewa, kuma kunnen da ya saba da goge ko kukuma zai ji dangantakar nan take.

I Wonder Who ta Muddy Waters ce, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan buluz na Amurka, kuma a nan ake ganin ladabin almajiri. Gallagher ya yi aiki da Muddy Waters da kansa a faifan da dattijon ya naɗa a Landan, wanda ya fito a 1972. Ya rage gudu, ya bar gurbi, ya bar fiyanon Martin ya yi magana. Akwai inda yake rera ɗango jitar ta maimaita shi da irin lanƙwasar muryarsa, har ka rasa wanne ke kwaikwayon wanne. Makaɗa da yawa sun iya gudu. Kaɗan ne suka iya yin shiru a inda ya dace, su bar zaure cike da mutane yana jira.

As the Crow Flies, wadda Tony Joe White ya rubuta, ita ce inda ya ajiye lantarki. Ya ɗauki tsohuwar jitar National mai jikin ƙarfe ta shekarun 1930, irin wadda aka ƙera don ta yi ƙara da kanta tun kafin amsa-kuwwa ta yaɗu, ga ƙaramar sarewar baki a rataye a wuya. Shi kaɗai, sai tafin jama'a. Duk wanda yake zaton ƙarar akwati ce take rufa wa makaɗan rok asiri, wannan waƙar ta ishe shi amsa.

Amma zuciyar faifan a wurina waƙoƙi biyu ne da ke jere. Ta farko A Million Miles Away, wadda ta haura minti tara. Labarin mutum ne zaune a otal, mutane cike, ana ta hira da kiɗa, shi kuwa hankalinsa yana can nesa. Mabuɗinta ba ya kama da buluz ɗin Amurka, yana da ƙamshin tsohon kiɗan Ailan, irin mai ɗauke da kewa. Yana taɓa tsirkiya a wasu wurare na musamman sai ta fitar da siririn sauti kamar ƙararrawa, yana murɗa maɓallin ƙara da ƙaramin yatsa sai sautin ya shigo a hankali ba a ji bugunsa ba, kamar an ja izgar goge. Waɗanda suka san shi sun yi ta faɗin cewa mutum ne mai kunya, mai kaɗaici, bai yi aure ba, rayuwarsa daga otal sai dandamali. Ba sai an gaya maka ba in ka saurari wannan waƙa. Mutumin da ya gama sa dubban mutane tsalle ne yake gaya musu cewa shi a cikinsu baƙo ne, su kuma suka yi tsit suna ji.

Ta biyun Walk on Hot Coals, labarin ɗan caca da ya yi asarar komai, ta haura minti goma. A nan ne ake ganin abin da situdiyo ba zai iya bayarwa ba. Waƙar tana cikin faifan Blueprint na 1973, kuma a can waƙa ce mai kyau, shi ke nan. A dandamali kuwa, bayan an yi gudu an kai ƙololuwa, sai ya sauke kiɗan ƙasa har ya kusa ɓacewa. Ganga ta koma raɗa. Ya riƙa fitar da ƙananan sautuka, wasu a toshe da tafin hannu, wasu a tsage kamar fito, yana jan rai, abokansa uku suna bin sa da ido domin babu wanda ya san inda zai juya. Sannan a hankali ya sake gina shi, hawa bayan hawa, har ya fashe. Na saurari wannan wuri ban san adadi ba, kuma har yanzu in ya zo sai na bar abin da nake yi. Ba yawan sautukan ba ne. Jin da kake yi ne cewa abin yana iya rushewa a kowane lokaci, kuma mutum huɗu suna riƙe da shi da sauraron juna kawai.

Akwai Tattoo'd Lady, kan mutanen wasan kasuwa masu yawo gari-gari, wadda a fili take cewa rayuwarsa yake kwatantawa. Akwai Who's That Coming, da bututun yatsa daga farko har ƙarshe, inda daga baya jama'a suka ɓarke da waƙar filin ƙwallo suka sa sunansa a ciki suna roƙon ƙari. Gefen ƙarshe na garmaho na biyu kuwa ba wasan gaban jama'a ba ne, kiɗan nishaɗi ne da suka yi tsakaninsu, kuma shi ne mafi rauni a faifan.

Sai Too Much Alcohol ta J. B. Hutto, wadda jama'a suke taya shi ƙirga a cikinta cikin raha. Yau ba na iya jin ta yadda suka ji ta a daren. Giya da magungunan da aka riƙa rubuta masa, ciki har da na kwantar da hankali saboda tsoron jirgin sama da ya kama shi daga baya, su suka lalata masa hanta. An yi masa dashen wata a Landan a 1995, cuta ta shige shi yana jinya, ya rasu ranar 14 ga Yuni yana da shekara 47.

An danne shi ne, ko shi ya zaɓa?

Ga inda masoyansa ba su cika son a tsaya ba. Yawancin abin da ya hana shi zama kamar Clapton, da hannunsa ya yi shi.

A wancan zamani hanyar yin suna ita ce ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya ta minti uku, wadda rediyo zai yi ta sakawa. Gallagher ya ƙi yarda a fitar masa da irin wannan a Birtaniya, ko da kamfaninsa ya nace. Yana ganin in ka shiga wannan kasuwa, ita za ta riƙa gaya maka abin da za ka kaɗa. To waƙar minti goma kuma ba gidan rediyon da zai saka ta da rana. Bai canza shiga ba, taguwa mai gida-gida da wandon jins, a lokacin da takwarorinsa suke sa ƙyalƙyali. A Janairun 1975, bayan makaɗin jita Mick Taylor ya bar ƙungiyar Rolling Stones, sun gayyace shi Rotterdam ya yi kiɗa da su na 'yan kwanaki, amma yana da alƙawarin wasanni a Japan, ya tattara ya tafi, kujerar ta zama ta Ronnie Wood. Wajen 1978 ya gama naɗar faifai sukutum a San Francisco da fitaccen mai tsara sauti Elliot Mazer, da kuɗi masu yawa, ya saurara bai gamsu ba ya ajiye shi. Sai a 2011 aka fitar da shi, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Sannan kalmar rainawa kanta tana buƙatar tambaya: a ina? Faifansa Live in Europe na 1972 ya shiga goma na farko a Birtaniya. A 1977 yana cikin waɗanda suka buɗe daren farko na Rockpalast, wani shirin kiɗan rok na talabijin, a Essen ta Jamus, wanda aka watsa kai tsaye a ƙasashen Turai da dama. A wajen birnin Paris akwai titi mai sunansa, a Cork akwai dandali, a Ballyshannon akwai mutum-mutumi da bikin shekara-shekara, a 2018 kuma babban bankin Ailan ya buga tsabar tunawa da shi. Inda bai yi ƙarfi ba ita ce Amurka, duk da ya zagaya ta sau da yawa, kuma tarihin rok mujallun Amurka da rediyonta ne suka fi rubuta shi. Har yau ba a saka shi a zauren karrama makaɗan rok na Cleveland ba. Saboda haka in an ce ba a san shi ba, galibi ana nufin masu rubuta jerin gwanaye ba su cika tunawa da shi ba.

Makaɗa kuwa ba su manta ba. Brian May na ƙungiyar Queen ya sha ba da labarin yadda yana saurayi ya tsaya bayan wasa ya tambaye shi sirrin sautinsa, Gallagher ya nuna masa akwatin Vox AC30 da ɗan ƙaramin akwatin da ke ƙara kaifin sauti, kuma a kan wannan haɗin May ya gina nasa sautin. Johnny Marr da Slash da The Edge na U2 duk sun ambace shi cikin waɗanda suka koya daga gare su.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa, wai an tambayi Hendrix yaya yake ji da zama gwanin gwanaye, ya ce a je a tambayi Rory Gallagher. Babu wata hira da aka samu da ke ɗauke da wannan, kuma ana ba da labarin iri ɗaya da sunayen wasu makaɗan. Ya kamata masoyansa su bar ta. Mutumin da ya bar faifai irin wannan ba ya buƙatar aron shaida.

Abin da masu suka suke cewa

Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Muryarsa ba ta da faɗi, tana da kaushi, wani lokaci ihu ya fi waƙa yawa. Bai ƙirƙiro sabon salo yadda Hendrix ya yi ba, a cikin gidan buluz ya zauna ya ƙawata shi. Faifansa na situdiyo da yawa, waɗanda shi ya tsara sautinsu da kansa, ba su kai wasansa na dandamali ba, kuma da ya saki wa wani gwani ragama da wataƙila sun fi haka. Na yarda da wannan na ƙarshen gaba ɗaya.

Akwai kuma tsohuwar tambaya kan Turawan da suka yi suna da kuɗi da kiɗan baƙaƙen fata alhali masu shi suna cikin talauci. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta hau kan zamanin gaba ɗaya. Abin da za a ce game da shi dai shi ne, a faifan nan sunayen Muddy Waters da Hutto da White suna nan a rubuce a gaban waƙoƙinsu, a zamanin da aka kai wasu manyan ƙungiyoyi kotu saboda rashin yin haka.

Inda ban yarda da masu suka ba shi ne tsawon waƙoƙin. Wanda ya ce minti goma ya yi yawa yana auna wasan dandali da ma'aunin rediyo ne. Mu da muka san yadda makaɗi yake ɗaukar waƙa ɗaya ya ja ta gwargwadon yadda fili ya karɓa, ya ƙara nan ya rage can saboda wanda ya shigo ko abin da jama'a suka yi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Me wannan ya canza wa mai sauraro?

Ga mutanen Ailan, sakamakon gwanjon a fili yake: jitar ta zama ta jama'a maimakon ta shige ɗakin wani attajiri. Amma jita a cikin gilashi ba ta kiɗa, kuma irin wannan farashi yana da nasa lahani, domin yana koya wa yaro mai sha'awa cewa sirrin yana cikin katako mai tsada. Kamfanin Fender ma yana ƙera sababbi da aka kankare musu fenti da gangan don su yi kama da ita. Ita kuwa ta asalin, ta hannu ce da ɗan shekara 15 ya saya bashi.

Ga sauranmu, abin da ya canza shi ne sauƙin samu. Faifan da a da sai mai garmaho yanzu yana cikin waya. A 2014, cikar shekara 40, iyalansa suka fitar da cikakkun wasannin biranen uku a faifan CD bakwai haɗe da fim ɗin Palmer, saboda haka ana iya jin waƙa ɗaya a dare daban-daban a ga yadda take sauya kama. Wanda zai fara, ya fara da na asalin. Ya sa abin ji a kunne biyu, don lasifikar waya tana cinye jitar McAvoy, kuma rabin abin da ke faruwa a Walk on Hot Coals a wurinta yake. Ya saurara a jere ba tsallake, domin an tsara shi ne kamar dare guda, daga hayaniya zuwa shiru zuwa hayaniya. Bayan nan sai ya nemi fim ɗin, ya kalli fuskokin yaran Belfast a layin gaba lokacin da ya ɗauki mandolin, wata 'yar ƙaramar dangin jita, ya fara Going to My Hometown, zaure duka yana buga ƙafa yana amsa masa.